Kwas ɗin Asalin Sararin Samaniya na Brian Schmidt da Paul Francis a edX: Abin da Na Tarar a Cikinsa

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma abin da ya kai ni ga wannan kwas tambaya ce da wata ɗalibata 'yar aji shida ta yi mini bayan mun kammala darasi a kan haske. Ta tsaya har sauran suka fita, sannan ta ce, "Malam, masu binciken asalin sararin samaniya, wane aiki suke yi idan gari ya waye, kuma ta wace hanya mutum yake bi ya zama ɗayansu?" Na ba ta amsa irin wadda ake samu a bayan littafin karatu, cewa suna nazarin taurari da na'urorin hangen nesa, amma na koma gida da nauyin cewa ban ba ta hakkinta ba. Yarinyar tana neman sanin sana'a ce, da wahalarta da hanyarta da abin da mai yin ta yake taɓawa da hannunsa, ni kuwa na ba ta ma'anar kalma kawai. Da hutu ya zo sai na ware makonni na zauna na bi wannan kwas tun daga farko har ƙarshe, kuma abin da ke biye shi ne hukuncina a kansa.

Kwas ɗin na Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ne da ke birnin Kanbera, kuma an gabatar da shi ta dandalin edX, wanda jami'o'in Harvard da MIT suka kafa a 2012 domin koyarwa ta intanet. Shi ne na huɗu kuma na ƙarshe a jerin kwasa-kwasai huɗu da aka fara fitarwa a 2014: na farko a kan manyan tambayoyin da har yanzu ba a warware ba, na biyu a kan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, na uku a kan abubuwa masu tsananin ƙarfi irin su fashewar taurari da baƙaƙen ramuka, na huɗu kuma, wanda suka sa wa suna Cosmology, a kan sararin samaniya baki ɗayansa, inda ya faro da yadda yake tafiya. Malamai biyu ne suke koyarwa, Paul Francis, wanda ya yi suna wajen iya koyarwa, da Brian Schmidt, wanda ya sami kyautar Nobel ta fiziks a 2011. Ya kamata in faɗa tun da wuri, saboda kalmar "ilimin taurari" tana ɗaukar ma'ana biyu a wurinmu, cewa wannan ilimi ba shi da wata alaƙa da duba ko neman sa'a da taurari. Awo ne da lissafi, kamar yadda ake awon gudun mota ko zafin ruwa.

Abu na farko da ya burge ni shi ne salon koyarwar. Yawancin darussan gajerun bidiyoyi ne inda malaman biyu suke tsaye suna tattaunawa, ɗaya ya kawo ra'ayi, ɗayan ya ce bai gamsu ba, ya kawo dalilin da zai iya rushe shi, sannan su bi hujja har su ga inda ta tsaya. Bayan tattaunawar akwai wasu bidiyoyin inda ake warware lissafi layi bayan layi, akwai tambayoyi da ake amsawa nan take, akwai kuma taƙaitattun bayanai a rubuce da mutum zai iya saukewa ya ajiye. Sun kuma saka wani wasan ƙwaƙwalwa na ƙirƙirarriyar duniya wadda dokokinta suka saɓa wa namu, ana sakin bayananta kaɗan-kaɗan, ɗalibi ya yi ta ƙoƙarin gano yadda take aiki. Da farko na ɗauke shi abin nishaɗi ne kawai, daga baya na gane cewa shi ne ya fi kusa da ainihin aikin mai bincike, domin a can babu littafin da za ka buɗe ka ga amsa, sai dai ka kafa zato, sabon bayani ya zo ya karya shi, ka sake kafa wani.

Darajar kwas ɗin a wurina ta ta'allaƙa ne a kan wanda yake koyarwa, don haka dole in tsaya a kan tarihin Schmidt, tunda shi ne amsar rabin tambayar ɗalibata. An haife shi a 1967 a garin Missoula na jihar Montana a Amurka, ya yi sakandare a Alaska, ya sami digirin farko a fiziks da ilimin sararin samaniya a Jami'ar Arizona a 1989, sannan ya kammala digirin digirgir a Harvard a 1993 a ƙarƙashin Robert Kirshner, inda ya yi amfani da fashewar taurari wajen auna saurin faɗaɗar sararin samaniya. A 1994, yana ɗan shekara 27, shi da Nicholas Suntzeff suka haɗa wata ƙungiyar masana kimanin ashirin da ke warwatse a nahiyoyi daban-daban, kuma a daidai wannan lokaci ya koma Ostareliya ya kama aiki a cibiyar hangen taurari ta Dutsen Stromlo kusa da Kanbera. Wannan shi ne abin da nake so matasanmu su lura da shi: lokacin da ya ɗauki jagorancin aikin da ya kai shi ga Nobel ba farfesa ba ne, ba shi ma da kujera ta dindindin, matashi ne da ya fito daga karatu bai daɗe ba.

Abin da ƙungiyar ta sa a gaba shi ne ta auna yadda faɗaɗar sararin samaniya take raguwa. Tun 1927 Georges Lemaître ya nuna ta lissafi, Edwin Hubble kuma ya tabbatar ta awo a 1929, cewa manyan gungun taurari suna nesanta da juna, kuma gwargwadon nisan gungu gwargwadon saurin da yake ja da baya. Kowa ya ɗauka cewa ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa zai riƙa rage wannan gudu, kamar dutsen da aka jefa sama yake rage sauri. Tambayar kawai ita ce ko raguwar ta kai ta tsayar da faɗaɗar wata rana ko ba ta kai ba. Domin a amsa ta, sai an san nisan abubuwa masu matuƙar nisa, kuma a nan ne kwas ɗin ya fi yi mini amfani, saboda ya tsaya sosai a kan wahalar auna nisa, abin da littattafan sakandare suke wucewa a layi biyu.

Ga yadda na fahimci lamarin, kuma haka na maimaita wa ɗalibaina. Idan kana tsaye a bakin gona da dare ka hango fitila can nesa, ba za ka iya sanin nisanta ba sai ka san ƙarfin haskenta, domin ƙaramar fitila a kusa da babbar fitila a nesa suna iya yi maka kama ɗaya. Idan kuwa ka san cewa duk fitilun ƙauyen iri ɗaya ne, to dusashewar hasken ita ce ma'auninka: fitilar da ta ninka nisa sau biyu haskenta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar masana ita ce wata irin fashewar tauraro da suke kira sufanoba nau'in Ia, wadda take faruwa idan wani mataccen tauraro mai tsananin nauyi, wanda girmansa bai wuce na duniyarmu ba, ya tara abu har nauyinsa ya kusanci ninki 1.4 na nauyin rana, sai ya tarwatse gaba ɗaya. Haskensa a ƙololuwa yana kai na rana biliyoyi, kuma a 1993 Mark Phillips ya nuna cewa wanda ya fi haske a cikinsu ya fi jinkirin dusashewa, don haka idan aka bi yadda hasken yake hawa da sauka cikin makonni ana iya gane ainihin ƙarfinsa.

Sai kuma matsalar ƙura, wadda duk wanda ya taɓa yin hunturu a Arewa zai gane ta ba tare da dogon bayani ba. A ranar da hazo ya sauka, fitilar babur da ke kusa tana yi maka kamar ta nesa, rana ma kanta takan dusashe ta yi ja. Tsakanin taurari ma akwai ƙura, kuma tana iya sa mai awo ya ɗauka fashewar ta fi nisa alhali ƙura ce ta rage haskenta. Mafitar tana cikin jan nan da muke gani: ƙura ta fi tare shuɗin haske fiye da ja, don haka idan aka auna fashewar ta launuka daban-daban ana iya ƙiyasta yawan ƙurar a cire tasirinta. Adam Riess, matashin da ya jagoranci nazarin bayanan ƙungiyar, a kan irin wannan gyara ya yi digirinsa na digirgir. Na daɗe ina koyar da tarwatsewar haske a aji ba tare da na taɓa haɗa shi da wannan babban bincike ba, kuma tun daga lokacin hazon Zariya ya zama kayan koyarwa a wurina.

Akwai wani ɓangaren aikin da ya ba ni sha'awa ƙwarai, wato yadda masu wannan bincike suke bin kwanan wata kamar yadda muke bi. Irin wannan fashewa takan faru a gungun taurari guda sau ɗaya cikin ɗaruruwan shekaru, saboda haka ba a zama a jira ta. Abin da ake yi shi ne a ɗauki hoton wani yanki na sama mai ɗauke da dubban gungu a lokacin da wata ya yi duhu, a sake ɗaukar wurin bayan kimanin makonni uku, sannan kwamfuta ta cire hoton farko daga na biyu, duk ɗigon hasken da ya rage a bincike shi. Ƙungiyar Schmidt tana ɗaukar hotunanta ne da na'urar hangen nesa mai madubin mita 4 a Cerro Tololo da ke ƙasar Chile, daga nan kuma dole a gaggauta tantance abin da aka gano da manyan na'urori irin su Keck da ke Hawai da Hubble da ke sararin samaniya kafin hasken ya dushe. Dare ɗaya na hadari yana iya ɓata shirin wata guda. Schmidt da kansa ya rubuta manhajar da ke tace hotunan, a zamanin da intanet take tafiyar hawainiya tsakanin Chile da Ostareliya. Wannan shi ne aikin yini da ɗalibata take tambaya: rubuta manhaja, neman izinin amfani da na'ura watanni kafin lokaci, gyaran kuskure, da jira.

Sakamakon da ya fito a 1998 ya saɓa wa abin da suka fita nema. Fashe-fashe 16 masu nisa da suka auna sun fi nisa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan abin da ake tsammani, ma'ana faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Abin da suka fara yi shi ne zargin kansu, suka shafe makonni suna neman inda kuskure ya shiga lissafin, ba su same shi ba. Wata ƙungiya da ke gogayya da su a ƙarƙashin Saul Perlmutter a Berkeley, wadda ta auna fashe-fashe 42, ta isa ga sakamako iri ɗaya ta hanyarta daban. A 2011 aka ba Perlmutter rabin kyautar Nobel, Schmidt da Riess suka raba ɗaya rabin. Abin da ke tura faɗaɗar an sa masa suna ɓoyayyen makamashi, kuma sunan kansa shaida ce cewa ba a san mene ne shi ba. Jin wannan bayani daga bakin mutumin da abin ya faru a hannunsa, yana nuna maka wuraren da awon zai iya yin rauni ba tare da ya ɓoye ba, shi ne abin da ba za ka samu a wani kwas cikin sauƙi ba. Bai tsaya yana yabon kansa ba, kuma Francis bai bar shi ya wuce wata da'awa ba tare da hujja ba.

Sauran sassan kwas ɗin sun bi ta kan yanayin sarari da lokaci bisa nazariyyar Einstein ta 1915, da Babbar Fashewa, wato zazzafan mafarin da sararin samaniya ya fara faɗaɗa daga gare shi, da nazariyyar kumburin farko, wato faɗaɗa mai tsananin sauri a farkon lamarin, wadda Alan Guth ya gabatar a farkon shekarun 1980. Sashen da ya fi ba ni wuya, kuma na fi ƙaruwa da shi, shi ne na ragowar hasken farko. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka bayar da rahoton wani ƙaramin amo da eriyarsu take kamawa daga kowace kusurwa ta sama, wanda suka kasa kawar da shi ko bayan sun share kashin tantabarun da suka yi sheƙa a cikinta. Wannan amo haske ne da ya kuɓuta lokacin da sararin samaniya yake da shekara kusan 380,000, yana da zafin kimanin digiri 3,000, faɗaɗa kuma ta miƙar da shi kusan sau 1,100 har ya huce zuwa digiri 2.7 sama da matuƙar sanyi, wato sanyin da babu abin da yake iya wuce shi. Taurarin ɗan'adam uku, COBE a 1989, WMAP a 2001 da Planck a 2009, sun zana taswirarsa, suka ga bambancin zafi na kashi ɗaya cikin 100,000 daga wuri zuwa wuri. Waɗannan tabo-tabo sawun igiyoyin sauti ne da suka ratsa zazzafar iskar farko, kuma kamar yadda makaɗi yake gane girman ganga da ɗaurin fatarta daga amonta, haka masana suke karanta abin da sararin samaniya ya ƙunsa daga girman tabon. Mafi bayyana a cikinsu faɗinsa kusan digiri ɗaya ne a sama, wato ninki biyu na faɗin cikakken wata. Daga nan aka sami alƙaluman da ake yawan ambato: shekara biliyan 13.8, da kimanin kashi 68 cikin ɗari ɓoyayyen makamashi, kashi 27 ɓoyayyen abu wanda ba a ganinsa sai dai tasirin ƙarfin jansa, kashi 5 kacal kuma irin abin da aka yi mu da shi, mu da ƙasa da taurari. Sai da na kalli wannan sashe sau uku da takarda da biro a hannu kafin ya zauna mini.

Da aka koma makaranta na gwada wani abu da ɗalibaina wanda ya nuna mini cewa kwas ɗin ya shiga jikina. Na rubuta a allo cewa gungun taurari yana ƙara gudun kilomita 70 a sakan ɗaya a kan kowane megafasek na nisa, kuma megafasek ɗaya kimanin kilomita 31 ne da sifili 18 a bayansa. Na ce su raba nisan da gudun, kamar yadda suke lissafin tsawon lokacin tafiya daga Zariya zuwa Kano. Suka sami sakan 44 da sifili 16. Na ce su raba da adadin sakan da ke cikin shekara, wato kimanin miliyan 31.6. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar maɓallan kalkuleta, can sai wani yaro daga benci na baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, biliyan goma sha huɗu nake samu, ko na yi kuskure ne?" Na ce masa bai yi kuskure ba, ƙiyasi ne na farko wanda bai lura da canjin gudun faɗaɗar ba, amma ya faɗo kusa da abin da manyan na'urori suka auna. Yarinyar da ta yi tambayar farko ba ta ce komai ba, ta dai sake yin lissafin daga farko a bayan littafinta don ta tabbatar da kanta.

Kwas ɗin yana da iyakokinsa, kuma wanda zai shiga ya kamata ya san su. Da Turanci ake koyarwa, kuma ana magana da sauri irin na masu harshen, sai dai rubutaccen zancen da ke tafiya tare da bidiyo da damar rage gudunsa suna taimakawa sosai. Masu shi sun faɗa tun farko cewa ana buƙatar lissafi da fiziks na matakin sakandare, kuma gaskiya suka faɗa, amma sakandaren da suke nufi ita ce wadda ɗalibi ya fita yana iya juya lissafin haruffa da sarrafa manyan lambobi ba tare da fargaba ba. Wanda ya haddace ƙa'idoji don jarrabawa kawai zai sha wuya a mako na biyu, kuma shawarata gare shi ita ce ya fara da kwas na farko a jerin, wanda ya fi sauƙi. Na biyu, an ɗauki darussan ne kafin wasu manyan abubuwa su faru: ba a sanar da kama igiyoyin girgizar sarari ba sai a Fabrairun 2016, ba a harba na'urar hangen nesa ta James Webb ba sai ranar 25 ga Disamban 2021, kuma saɓanin da ke tsakanin masu auna saurin faɗaɗa, wato adadin nan da muka ɗauka 70 a aji, inda bayanan Planck suke ba da kusan 67 ƙungiyar Riess kuma take samun kusan 73, ya ƙara tsananta ne a shekarun da suka biyo baya. Tushen da kwas ɗin ya kafa yana nan daram, amma mai son sanin inda aka kwana yau sai ya ƙara da wani karatun. Na uku, kuma wannan ne ya fi muhimmanci ga mai neman sana'ar, ba ya koyar da rubuta manhaja, alhali yawancin yinin mai binciken yau a gaban kwamfuta yake ƙarewa yana sarrafa bayanai da harsuna irin su Python.

Ta fuskar kuɗi, na bi darussan ba tare da na biya komai ba, takardar shaida ce ake biya wa, kuma tunda sharuɗɗan irin waɗannan dandali sukan canza, yana da kyau mutum ya karanta su kafin ya yi rajista. Abin da ya ci mini kuɗi shi ne data. Na koyi sauke bidiyo da tsakar dare a kan ƙaramin inganci, in kalla da rana, rubutattun bayanan kuma na buga su a takarda saboda ranakun da babu wuta. Takardar shaidar kanta ba digiri ba ce kuma ba za ta ba kowa aiki ba, amfaninta bai wuce ta nuna cewa mutum ya yi ƙoƙari da kansa ba.

Na san wasu iyaye da malamai za su yi tambaya a kan addini, domin ni ma na shiga da wannan tunani a raina. Abin da na tarar shi ne malaman biyu sun tsaya a kan abin da ake iya aunawa, kuma sun bayyana a fili inda awo ya ƙare zato ya fara, musamman a kan lokutan farko-farko da babu wata na'ura da ta kai gare su. Akwai baƙi biyu masana fiziks da aka gayyato, Brian Cox da Lawrence Krauss, na biyun kuma sananne ne da ra'ayinsa na rashin yarda da addini, ra'ayin da ba na tare da shi a kai. Na ɗauki bayanin fiziks daga gare shi na bar masa sauran, kamar yadda mutum yake karɓar magani daga likitan da ba su haɗa aƙida ba. Ni dai ban fito daga kwas ɗin da raunin imani ba, na fito ne ina ƙara jin girman halitta duk lokacin da na fita sallar asuba na ga Gamzaki a gabas.

Game da hanyar shiga sana'ar, ga abin da na iya gaya wa ɗalibata bayan na gama. Ana farawa da digirin farko a fiziks ko lissafi, sai digiri na biyu, sai na digirgir wanda yakan ɗauki shekara uku zuwa shida gwargwadon ƙasa, sannan a shiga aikin bincike na kwantiragin shekara biyu ko uku, sau da yawa a ƙasashe daban-daban, kafin a sami kujera ta dindindin, kuma ba kowa ne yake samunta ba. Da yawa sukan koma aikin sarrafa bayanai a kamfanoni da hukumomi, inda ake neman irin ƙwarewarsu. Sana'ar tana da asara irin tata: a Janairun 2003 gobarar daji ta cinye na'urorin hangen nesa na Dutsen Stromlo, Schmidt kuma ya jagoranci gina wata sabuwa mai suna SkyMapper a Siding Spring, kafin daga baya ya riƙe shugabancin jami'ar daga 2016 zuwa ƙarshen 2023. Na kuma gaya mata cewa hanyar ba ta rufe wa 'yan Afirka ba. Marigayi Farfesa Samuel Okoye, ɗan Najeriya, ya yi digirinsa na digirgir a Cambridge tare da masanin sararin samaniya Antony Hewish a shekarun 1960, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da sashen fiziks da ilimin sararin samaniya, Ghana ta mayar da wata tsohuwar eriyar sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar bincike a 2017, Afirka ta Kudu kuma tana da MeerKAT, na'urar binciken sama ta rediyo mai faranti 64, da shirin horar da ɗaliban digiri na biyu a wannan fanni.

Hukuncina shi ne kwas ɗin ya cancanci lokacin malamin kimiyya na sakandare, da ɗalibin jami'a mai karatun fiziks wanda yake tunanin inda zai nufa, da ɗan aji shida mai ƙarfin lissafi idan ya sami wanda zai zauna da shi. Wanda hotuna masu ƙayatarwa da labarai masu ban mamaki kawai yake nema zai gaji da wuri, domin a nan ana yawan tsayawa a kan kuskuren awo da yadda ake rage shi. Na ba ɗalibata bayanan da na buga a takarda, tare da sharaɗin ta gama jarrabawarta ta fita tukuna. Ta dawo mini da su bayan mako biyu da alamar fensir a gefen shafin da ke bayanin saurin faɗaɗa, ta ce, "Malam, idan wasu sun sami 67 wasu kuma 73, kuma kowa ya ce ya duba lissafinsa, wa zai raba gardamar?" Na ce mata ana kan aikin, kuma cikin abubuwan da ake amfani da na'urar James Webb a kansu har da sake auna taurarin da ƙungiyar Riess ta dogara da su. Ta cike fiziks a matsayin zaɓinta na farko a takardar neman shiga jami'a, kuma a hutun nan ta fara koyon Python a kwamfutar yayanta.